Auna Ingancin Rayuwa Bayan Mummunan Rauni: Tarihin Takardun Tambayar Majinyata da Fassararsu

Gabatarwa

Shekaru aru-aru, in mutum ya sami mummunan rauni, ko a fagen fama ko a wurin sana'a, tambaya guda ce ake yi a kansa, watau ko ya tashi ko ya cika. Littattafan asibiti na wancan zamani ba su tanadi gurbi na uku ba. Sai a cikin ƙarni na 20, sa'ad da ilmin likita ya kai matsayin ceton wanda a da can ake fid da rai da shi, sa'an nan wata tambaya ta taso wadda ta fi ta farko wuyar amsawa: wane irin zama wanda ya tsira yake yi bayan an sallame shi ya koma gida?

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗarin hanya kaɗai ya kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekarar 2021, waɗanda kuwa suke jin rauni ba su mutu ba sukan kai miliyan 20 zuwa 50 a kowace shekara. Da yawa daga cikinsu sukan ƙarasa rayuwarsu da nakasa. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin tarihin yadda masana suka ƙago hanyoyin auna halin da irin waɗannan mutane suke ciki, da yadda ma'aunin ya tashi daga hannun likita ya koma bakin majinyaci, da kuma yadda wannan canji ya mai da fassara wani babban rukuni na aikin lafiya.

Yaƙe-yaƙen Duniya da Waɗanda Suka Tsira

A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, raunin lakar gadon baya kusan hukuncin kisa ne. Harvey Cushing, shahararren likitan fiɗar ƙwaƙwalwa wanda ya yi aiki da rundunar Amurka a Faransa, ya ba da rahoton cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na sojojin da suka sami irin wannan rauni sun mutu a makonnin farko. Abin da ya fi kashe masu wannan rauni a zamanin shi ne gyambon kwanciya da cutar da ke shiga mafitsara ta hau zuwa ƙoda.

Al'amarin ya soma sakewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin watan Fabrairu na 1944 gwamnatin Ingila ta buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville, ta danƙa shi a hannun Ludwig Guttmann, wani likita Bayahude wanda ya gudo daga Jamus a 1939. Guttmann ya kafa dokar a riƙa juya majinyaci a kan gado dare da rana bayan kowaɗanne 'yan sa'o'i, a kula da tsabtar mafitsara, a kuma yi amfani da sabon maganin nan na fenisilin. Majinyata suka daina mutuwa kamar da. To, amma sai ga samari masu ƙarfi a jika zaune a keken guragu, da sauran shekaru masu yawa a gabansu. Saboda haka ya sa su koyon sana'a da wasanni. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, majinyata 16 suka yi gasar harbin kibiya a harabar asibitin. Wannan gasa ce ta bunƙasa har ta zama wasannin nakasassu na duniya da aka yi a Roma a 1960.

A cikin wannan shekara ta 1948 ne kuma tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara aiki. A cikinsa an bayyana lafiya da cewa ita ce cikakkiyar walwalar jiki da ta hankali da ta zamantakewa, ba rashin cuta kawai ba. Da aka yarda da wannan bayani, sai ya zama wajibi a nemo abin da za a auna walwalar da shi.

Ma'aunan da Likita ke Cikawa

Ma'aunan farko duka likita ne yake cika su da abin da idonsa ya gani. A 1948 David Karnofsky, likitan ciwon daji a birnin New York, ya fito da wani ma'auni mai hawa goma-goma daga 100 zuwa sifili: 100 ga wanda ba ya da wata alamar cuta, sifili ga wanda ya mutu. A 1965 Florence Mahoney da Dorothea Barthel na jihar Maryland suka buga ma'aunin da ake kira da sunan ita Barthel, wanda yake duba abubuwa 10 na yau da kullum, kamar cin abinci, da wanka, da sa tufafi, da zagayawa, da tashi daga gado zuwa kujera, da hawan matakala.

Game da raunin kai kuwa, birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan ne ya yi fice. A 1974 Graham Teasdale da Bryan Jennett suka tsara ma'aunin zurfin doguwar suma, wanda yake duba buɗe ido da magana da motsin gaɓoɓi. Da shekara ta kewayo, a 1975, Jennett da Michael Bond suka ƙara da ma'aunin makomar majinyaci, wanda ya kasa ta gida biyar: mutuwa, da zama da rai ba tare da sanin inda kai yake ba, da nakasa mai tsanani, da nakasa matsakaiciya, da kyakkyawar warkewa.

Waɗannan ma'aunai sun yi amfani ƙwarai, har yau kuma ana aiki da su. Sai dai suna da gurgunta guda. Mutum yana iya cin maki 100 a ma'aunin Barthel, ya ci abinci da hannunsa, ya hau bene da ƙafarsa, alhali kuwa ya rasa aikinsa, abokai sun janye jiki, barci ya ƙaurace masa. Wani kuma yana iya samun maki kaɗan, amma yana zaune cikin iyalinsa da natsuwa da mutunci. Idon likita ba ya kaiwa ga waɗannan al'amura.

Yadda Aka Ba Majinyaci Baki

Daga shekarun 1970 masana suka soma tsara takardun tambayoyi waɗanda majinyaci ne da kansa zai amsa. A Jami'ar Washington da ke Seattle, Marilyn Bergner da abokan aikinta sun tsara wata takarda mai duba yadda ciwo ya shafi harkokin mutum, wadda sigarta ta 1981 take da tambayoyi 136. A Nottingham ta Ingila an fito da wata mai jimloli 38 waɗanda ake amsawa da i ko a'a, an kuwa tsamo jimlolin ne daga bakin mutanen gari, ba daga littattafan likita ba.

Takardu biyu ne suka fi sauran yaɗuwa a duniya. Ta farko ita ce EQ-5D, wadda wata ƙungiyar masana daga ƙasashen Turai, da aka kafa a 1987, ta fitar a 1990. Tambayoyinta biyar ne kacal: tafiya, da kula da kai, da ayyukan yau da kullum, da zafin ciwo, da damuwar zuciya. A tsohuwar sigarta kowace tambaya tana da amsa uku, don haka tana iya bayyana hali iri 243. Ta biyu ita ce SF-36, wadda John Ware da Cathy Sherbourne suka buga a Amurka a 1992, mai tambayoyi 36 da suka kasu fanni takwas.

Da aka fara sauraron majinyata, sai aka tarar da abin da ba a zata ba. A 1994 aka buga wani bincike a Amurka inda aka tambayi likitoci da nas-nas da sauran ma'aikatan sashen gaggawa ko za su yi murna da kasancewa a raye in da su ne suka sami mummunan raunin laka. Kashi 18 cikin 100 ne kawai suka ce za su yi. Amma cikin waɗanda suke ɗauke da raunin da gaske, kashi 92 cikin 100 sun ce suna murna da ransu. A 1999 Gary Albrecht da Patrick Devlieger suka zanta da nakasassu 153, suka tarar fiye da rabin masu nakasa matsakaiciya zuwa mai tsanani sun ce rayuwarsu tana da kyau. Ma'anar wannan a fili take: ma'aikacin da yake tsaye a kan majinyaci a daren haɗari, wanda kuma shawararsa take iya sa a dage da jinya ko a sassauta, yana iya yin kuskure babba wajen ƙiyasta darajar ran da yake ƙoƙarin ceta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Matsalar Fassara

Amma fa wannan ci gaba ya zo da nasa nauyi. Ma'aunin zafin jiki ba ya da harshe. Abin da ya nuna a Landan shi zai nuna a Tokyo. Takardar tambaya kuwa da kalmomi aka gina ta, kuma mafi yawan takardun da Ingilishi aka rubuta su. In aka juya tambaya zuwa wani harshe ta yi nauyi ko ta yi sauƙi fiye da asalinta, to lambar da za ta fito ba za ta kwatantu da ta wata ƙasa ba, kamar dai a auna hatsi da mudu biyu masu bambancin girma a ce farashinsu ɗaya.

Tun a 1970 Richard Brislin, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya yi bincikensa a tsibirin Guam, ya bayyana dabarar fassarar komawa baya. Watau mutum guda ya juya rubutu daga harshen asali zuwa sabon harshe, sa'an nan wani dabam wanda bai taɓa ganin asalin ba ya sake mai da shi harshen farko, a jera biyun a ga inda ma'ana ta zame. Dabarar tana kama kurakurai da yawa, sai dai ba ta kama tambayar da kalmominta suke daidai amma abin da take magana a kai baƙo ne ga mai amsawa.

Takardar SF-36 ta ba da misalai masu kyau a kan haka, sa'ad da aka kafa wani shiri na ƙasa da ƙasa a 1991 don juya ta zuwa harsunan duniya. Akwai tambayar da take neman sanin ko ciwo yana hana mutum aiki matsakaici, aka kuma ba da misali da tura injin sharar ɗaki, da wasan gara ƙwallo, da wasan golf wanda ake buga 'yar ƙwallo da sanda a faffaɗan fili. Waɗannan abubuwa ne da Ba'amurke ya saba da su. A Italiya sai aka sa wani wasan jifan ƙwallo na gargajiyarsu da ɗan yawo a kan keke, a Holan ma aka sa hawan keke, a Hong Kong kuwa aka sa motsa jikin nan na Sinawa da ake kira taici. Wata tambayar tana auna nisan tafiya da tazarar da ke tsakanin mararraba da mararraba a biranen Amurka. Ko a Ingila, inda harshen yake ɗaya, sai da aka canza wannan zuwa rabin mil da yadi 100. Haka nan Amurkawa sukan siffanta baƙin ciki da launin shuɗi, wanda in aka juya shi kalma da kalma zuwa yawancin harsuna ba zai ba da wata ma'ana ba.

Saboda irin waɗannan matsaloli ne Francis Guillemin da Claire Bombardier da Dorcas Beaton suka buga ƙa'idojin wannan aiki a 1993, aka kuma sake tace su a shekarar 2000. Bisa ga ƙa'idojin, mutum biyu ne za su yi fassarar farko kowa shi kaɗai, ɗaya masanin lafiya, ɗaya kuwa wanda bai san fannin ba, don a sami harshen mutanen gari. Sai a haɗa aikinsu ya zama guda, wasu biyu su mai da shi harshen asali, kwamitin masana ya zauna ya duba ko ma'anar kalmomi da karin magana da al'adar rayuwa da ainihin manufar tambaya duk sun dace. A ƙarshe a jarraba takardar a kan mutum 30 zuwa 40, ana tambayar kowannensu abin da ya fahimta da kowace tambaya.

Gina Takarda Cikin Harsuna da Yawa

Wasu masana sun ga cewa duk ƙoƙarin da aka yi wajen fassara, takardar da aka haifa a ƙasa guda tana ɗauke da ra'ayin mutanen ƙasar game da abin da ake kira kyakkyawar rayuwa. Don haka a 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wata hanya dabam. Ta haɗa cibiyoyi 15 a lokaci guda, daga cikinsu akwai Harare a Zimbabuwe, da Bankok, da Madras, da Tokyo, da Paris, da Panama, kowace cibiya ta tara mutanenta, masu lafiya da marasa lafiya, ta ji abin da suke ɗauka da muhimmanci. Daga nan aka sami takardar WHOQOL mai tambayoyi 100, da taƙaitacciyarta mai tambayoyi 26 wadda take duba jiki, da hankali, da hulɗa da jama'a, da muhalli. Takarda mai tambayoyi 100 ta ba addini da abin da mutum ya yi imani da shi gurbi na musamman, abin da EQ-5D da SF-36 ba su taɓo ba.

A Zimbabuwe ɗin dai, Vikram Patel da abokan aikinsa sun buga wata takarda mai tambayoyi 14 a 1997 don gano damuwar zuciya, wadda aka gina da kalmomin da masu magana da harshen Shona suke bayyana damuwarsu da su. Babba daga cikin kalmomin ita ce kufungisisa, watau yawan tunani. Masu raunin ƙwaƙwalwa su ma sun sami tasu takarda a 2010, mai suna QOLIBRI, wadda Nicole von Steinbüchel ta jagoranci tsara ta. Tana da tambayoyi 37, an kuma jarraba ta cikin harsunan Turai shida tun daga farko. Tana tambayar majinyaci yadda ya gamsu da tunaninsa, da yadda yake ganin kansa, da 'yancinsa na tafiyar da harkokinsa, da zamansa da mutane.

Inda Lamba ta Zama Kuɗi

Abin da ya sa wannan batu ya shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye shi ne, amsoshin majinyata ba a cikin mujallun masana kawai suke tsayawa ba. Daga shekarun 1970 masana tattalin arziki suka ƙago lissafin shekarar rayuwa mai inganci, inda ake ba cikakkiyar lafiya lamba 1, mutuwa kuwa sifili. Wanda ya rayu shekara 10 a halin da aka ƙiyasta da 0.5, a wannan lissafi ya sami shekara biyar ke nan. Hukumar NICE, wadda aka kafa a Ingila a 1999, tana amfani da wannan lissafi, da takardar EQ-5D, wajen ba da shawara a kan magungunan da suka cancanci gwamnati ta saya wa jama'a.

Ƙimar da ake ba kowane hali kuwa daga ra'ayin jama'ar ƙasa ake samo ta, ra'ayin kuma ya bambanta. A jadawalin Birtaniya da aka buga a 1997, hali mafi muni cikin 243 ɗin nan ya sami 0.594 ƙasa da sifili, watau an ɗauke shi ya fi mutuwa muni nesa ba kusa ba. A jadawalin Japan wannan hali 0.111 ne kawai ƙasa da sifili. Zimbabuwe ta sami nata jadawali a 2003, Habasha kuma a 2020. Ƙasar da ba ta da nata, ta ari na wata, ta yanke shawara a kan majinyatanta da ra'ayin mutanen da ba su san irin zamanta ba.

Takardun a Bakin Bahaushe

Wannan aiki ya iso Nijeriya. An buga fassarar SF-36 da Yarabanci a 2015, a 2020 kuma aka buga fassarar Hausa ta 'yar uwarta SF-12, mai tambayoyi 12, wadda aka jarraba a kan masu daɗaɗɗen ciwon baya na birni da ƙauye. Likitocin gashi ne suka fi ba da himma a wannan fage.

Mai juya irin wannan takarda zuwa Hausa yana fuskantar matsaloli na musamman. Ta farko ita ce kalmar lafiya kanta, wadda ta haɗa ƙoshin jiki da kwanciyar hankali da zaman lumana, ta kuma zama amsar gaisuwa. Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, in an gaishe shi zai ce da sauƙi, ya gode wa Allah, domin tarbiyya ta koya masa haƙuri da ƙin yawan koke. In tambaya ta zo masa da siffar gaisuwa, amsar gaisuwa zai bayar. Ta biyu ita ce kunya. Wanda ba ya karatu sai an karanta masa tambayoyin, sau da yawa a gaban ɗa ko suruki, ba kuwa zai faɗi gaskiyar abin da ya shafi fitsari ko shimfiɗar aure a wannan zama ba. Ta uku ita ce abin da takardun suka tsallake. Suna tambayar hawan bene, alhali abin da ya fi damun wanda ya karye a ƙugu ko a gwiwa shi ne ko zai iya ruku'u da sujada, ko zai iya tsugunawa ya yi alwala, ko zai zauna a tabarma ya tashi ba da taimako ba, ko zai koma gona, ko zai je jana'iza da suna kamar sauran jama'a. Bugu da ƙari, dole kalmar da aka zaɓa ta zama wadda Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram za su fahimta da ma'ana guda.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin nan ya bi matakai uku. Da farko an ƙidaya waɗanda suka mutu, sa'an nan likita ya auna abin da jikin wanda ya tsira yake iya yi, daga bisani aka koma ga shi majinyacin aka tambaye shi yadda yake ji. Mataki na uku shi ne ya fi kusa da gaskiya, amma ya dogara kacokan a kan ingancin harshen da aka yi tambayar da shi.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban harshe kamar yadda yake a gaban ɗaliban likita, domin kwamitin fassara ba ya cika sai da wanda ya san Hausar kasuwa da ta cikin gida. Ma'aikacin gwamnati kuma da aka kawo wa rahoto mai cewa majinyata kaza sun sami sauƙi kaza, ya kamata kafin ya sa hannu ya tambaya da wane harshe aka yi musu tambayoyin, wa ya fassara su, a kan su wa aka jarraba fassarar, a gaban wa kuma aka amsa. Kasafin kuɗin sashen gashi, da keken guragu, da koyar da sana'a ga waɗanda haɗari ya nakasa, duk yana iya ƙaruwa ko ya ragu bisa ga amsoshin waɗannan tambayoyi huɗu.